Da Hannuna Na Koya Masa

Waɗanda suka yi ta rubuto mini "ki yi haƙuri" a ƙarƙashin labarina, na gode, amma ku riƙe haƙurin naku tukuna sai kun ji abin da ya faru a satin nan. Wanda kuma yau ya fara biyo ni, ga ni a taƙaice. Ni ce 'yar mai shagon kayan gyaran mota, wadda ke zama bayan kanta da kwamfuta. An sa mini ranar aure da wani da abokansa ke kira Dogo, kuma ina son sa, kada wani ya ɗauka tilasta mini aka yi. Sharaɗi ɗaya tak na gindaya kafin in amsa masa: bayan aure zan ci gaba da zama a kujerata ta shagon Baba.

Kujerar ba wata ta a zo a gani ba ce. Ƙafarta ɗaya ta fi sauran gajarta, sai da na ninke kwalin fulogi na cusa mata a ƙasa. Fankar da ke samanta ƙara kawai ta iya. Duk rigar da na je da ita sai ta dawo tana warin giris da sabuwar roba, har Mama ta ware mini igiyar shanya tawa ni kaɗai. Amma duk duniyar nan babu inda nake jin ni ma wata ce kamar a wurin nan.

Kafin in fara zuwa, komai na shagon a kan Baba yake. Bakanike zai shigo yana haki ya ce a ba shi fanbel, Baba ya lumshe ido ya tuno lamba, ya ƙwala wa Kawu kira, wato ƙaninsa mai kula da sito, Kawu ya hau tsani ya sauko da kayan. Da ƙuruciya Baba ba ya kuskure. Da shekaru suka ja, motoci suka yi yawa, sai aka fara dawo mana da kaya ana ɗaga murya. Yayana, namiji tilo a gidanmu, ya ce ko a mafarki ba ya son warin man inji, ya kama aikinsa na asibiti. Ni kuma na gama makaranta ina zaman jiran aiki, sai na ɗauki tsohuwar kwamfutarsa na bi Baba.

Jadawalin da na gina a kwamfuta, a manhajar Excel, ba wani tsafi ba ne. Kowane ciniki yana da layinsa, kowane layi da akwati uku. Ka danna na farko, 'yar kibiya ta fito, jerin kamfanonin mota ya sauko, ka zaɓi ɗaya. Na biyu yana bin na farko: in ka zaɓi Toyota, motocin Toyota kaɗai zai nuna maka, ko ƙeyar Honda ba za ka gani ba. Na uku ya bi na biyu, ya kawo kayan wannan motar kaɗai, da lambarsu da lungun da suke a sito. In ka ce za ka rubuta abin da ba ya cikin jerin, ya ƙi karɓa. Sai a buga 'yar takarda a miƙa wa Kawu. Watanni na yi ina bin sito kwali-kwali da fitilar waya, yanar gizo-gizo a gyalena, kafin in haɗa shi. Ranar da ya fara aiki Baba ya tsaya a bayana yana kallo, can ya ce, "Uwata, ashe kai na biyu Allah ya ba ni ban sani ba." Na yi ta washe baki har muka tashi.

Shi kuwa Dogo fulogi ya zo saye, ya tafi ya bar tabarau a kan kanta, wai mantuwa. Ya dawo ɗauka, ya manta hularsa. Ma'aikacin wani kamfanin sayar da taya ne, mutum mai farar riga da ba ta san ƙura ba, ga turare, ga iya gaisuwa. In ya durƙusa gaban Baba sai ka rantse shi ya haife shi. Kafin in gama yanke shawara, gidanmu sun riga sun yanke tasu. Mama ta fara zancen labule da tukwane, ƙannen Baba mata suka fara bugo waya suna tuna mini cewa sa'o'ina duk sun yi 'ya'ya, wai in bar wannan ya wuce sai dai in auri kwamfuta.

Ranar da na faɗa masa sharaɗina, ga abin da ya turo mini, har yau yana cikin wayata: "Ni ba kujera na zo raba ki da ita ba. Ki zauna har ki tsufa a kai, ni zan riƙa kawo miki abincin rana." Da 'yar zuciya ja a ƙarshe. Na karanta shi ya fi a ƙirga. Ku yi mini dariya, na cancanta.

Baba ne ya kawo shawarar in koya masa aikin. Ya ce a makonnin biki dole wani ya zauna a wurin, Kawu kuwa in ya taɓa kwamfuta kamar za ta cije shi. Magana ce mai hankali, ban ga aibinta ba. Dogo ya riƙa zuwa da yamma bayan ya tashi daga aiki, ya jawo benci ya zauna a gefena, ya naɗe hannun riga. Malama yake kira na. In na yi bayani ya ce, "Ranki ya daɗe, a maimaita wa ɗalibi, kansa da nauyi." Ƙarya yake, kansa ja yake yi kamar me.

Da na tsaya a koya masa danna kibiya da buga takarda, da yau ba ni da labarin ba ku. Iya abin da ake bukata ke nan na makonnin biki. Amma ya ce yana son ya san cikin abin, ni kuma ban taɓa samun wanda ya tambaye ni yadda na yi ba. Baba sakamako kawai yake gani, ƙawayena in na fara zancen sai su yi hamma. Ga mutum ya kafe ni da ido yana saurare, sai bakina ya buɗe.

Na buɗe masa shafin da na ɓoye a baya, inda jerin duka suke kwance. Na nuna masa yadda ake jera motocin kowane kamfani a layinsu, a zaɓe su gaba ɗaya, a raɗa musu suna daidai da sunan kamfanin da ke akwatin farko, harafi da harafi. Na nuna masa inda ake shiga a ce wa akwati kada ya karɓi komai sai daga jeri. Na koya masa fomular nan da ake kira INDIRECT, wadda ke ce wa akwati na biyu ya leƙa maƙwabcinsa na hagu, duk sunan da ya gani a can ya ɗauko jerin mai wannan suna. Har dabarar sunan mota mai kalma biyu, da ake haɗe su da ɗan gajeren layi a ƙasa don kada jerin ya fito wayam, wadda ni sai da na yi kuka kafin in gano ta, na miƙa masa a ɓagas. Da ya haɗa nasa na gwaji ya yi aiki, ya ɗaga hannu sama kamar yaron da ya ci jarrabawa, ni kuma zuciyata fal alfahari. Na ce a raina, wannan mijin nawa ne.

Sai ranar da abin ya faru. Na je wurin tela gwada rigar biki, wata doguwa ruwan zuma mai duwatsu a wuya, na bar Dogo a kujera. Wani tsohon bakanike, abokin cinikin Baba tun kafin a haife ni, ya zo sayen fatar birki na motoci biyu, Corolla ɗaya, Honda ɗaya. Dogo ya cike layin farko daidai. Da ya zo na biyu, don sauri, sai ya kwafo layin farko ya sauke a ƙasa, ya canja akwatin farko zuwa Honda, ya buga takarda. Abin da ya manta, kuma na faɗa masa ba sau ɗaya ba, shi ne in ka canja na farko, na biyu da na uku ba sa goge kansu. Suna nan da tsohon zaɓinsu, sai ka koma ka sake zaɓa. Takarda ta fita da Honda a sama, lambar kayan Corolla a ƙasa. Kawu lamba yake bi, ya ɗauko ya miƙa.

Ina dawowa na tarar da bakaniken a tsaye gaban kanta, kwalin a yage, hannunsa baƙi ƙirin. Ya kwance ƙafar motar mutane, mai motar na tsaye a kansa zai yi tafiya, kaya sun ƙi shiga. Bai zagi kowa ba, abin da ya fi zagi ya yi. Ya dubi Baba ya ce, "Alhaji, da da kanka kake ba ni kaya ban taɓa dawowa ba." Fuskar Baba ta canja. Ya juyo ya tambayi wanda ya cike takardar.

Na dubi Dogo. Ya yi tsuru-tsuru, gumi ya jiƙa wuyan farar rigar. Mutumin da zai zama surukin gidan, a gaban Baba da Kawu da baƙo. Tausayinsa ya kama ni, kafin ya buɗe baki na riga shi. Na ce laifin jadawalina ne, akwai inda ban ɗaure da kyau ba, shi ya cike daidai abin ne ya ba shi lambar da ba ita ba. Baba ya dube ni ya ce in gyara, ya ba bakaniken haƙuri. Dogo ya bar laifin a kaina. Da yamma ya turo mini: "Kin rufa mini asiri, Allah ya rufa naki. Ba zan manta ba."

Washegari na zauna na yi wa abin magani. Na sa doka cewa duk layin da akwati na biyu bai dace da na farko ba, ya rine ja wur, yadda ko daga bakin ƙofa za a hango. Na nuna wa Dogo yadda na yi, mataki-mataki, don haka na saba. Kwana biyu bayan nan Mama ta ja ni kasuwa zaɓen labule. Ashe a ranar Dogo ya kira Baba gaban kwamfuta ya nuna masa jan layin. Kawu ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce yaron bai ce shi ya yi ba, amma bai ce ke kika yi ba, Baba kuwa ya dafa kafaɗarsa yana ta sa masa albarka.

Shekaranjiya bayan mun ci abinci Baba ya ce in same shi a falo. Yana kan doguwar kujerarsa, ya rage ƙarar rediyo, Mama na gefe tana ninke sababbin zannuwan gado ba ta ɗago ba. Ya fara da yabo, tun nan jikina ya yi sanyi. Ya ce na yi ƙoƙari, na tsaya masa lokacin da ɗansa namiji ya gudu. Ya ce yanzu Allah ya kawo masa ɗa har gida. Dogo zai ajiye aikin taya ƙarshen wata ya karɓi shagon gaba ɗaya, ni kuma in huta, in fuskanci gidana. Wai ba tsari ba ne miji da mata a kanta ɗaya, bakanikai na shigowa suna wasa da matar mutum a gabansa.

Na ce, "Baba, ai ni na gina abin nan."

Ya ce, "Ke kika fara, ban musa ba. Amma kin ga naki har kunya ya ba ni gaban mutumin da muka yi shekaru muna hulɗa. Yaron nan ne ya zo ya toshe ɓarakar. Na tambaye shi ko zai iya riƙe wurin ba ke, ya ce zai iya."

Na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai na ga ba ta da mashiga. In na ce Dogo ne ya yi kuskuren, na zama maƙaryaciya ranar nan, ko kuma na zama mai ƙage yau don kujera. Duk wanda Baba ya zaɓa a ciki, ni ce a ƙasa. Na haɗiye maganar. Na ce to, na tashi. Ban taɓa jin haushin kaina irin na ranar ba.

Na shiga ɗaki, rigar bikin na rataye a jikin ƙofa cikin ledarta, na ɗauki waya. Na tura wa Dogo saƙo na tambaye shi ko gaskiya ne. Ya karanta, alamar rubutu ta fito ta ɓace, ta sake fitowa. Can ya turo wai yana so ya faɗa mini da bakinsa Baba ya riga shi. Na turo masa hoton tsohon saƙonsa na abincin rana, ban ƙara ko kalma ba. Sai ya kira.

Muryar nan tasa mai sanyi, wadda da take kashe mini jiki, ita ya sa. Ya ce shi bai roƙi komai ba, Baba ne ya yi masa tayi, yaya za a yi ya dubi dattijo ya ce a'a. Ya ce tambayarsa aka yi ko zai iya, ƙarya nake so ya yi? Na ce ni ai na yi ƙarya dominsa. Ya ce ai bai sa ni ba. Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na ce masa abu ɗaya nake so: ya je gobe ya faɗa wa Baba wanda ya cike takardar bakanike, da wanda ya yi jan layin.

Ya ce, "Haba Malama. Saura 'yan makonni biki ki ce in je in zubar da mutuncina gaban surukina? Shagon nan in na riƙe ai namu ne, ni da ke. In wani abu ya rikice ba sai in kawo miki kwamfutar gida ki duba ba?"

Kun ji fa. In zauna a gida tsakanin tukunya da labule, a kawo mini aikina cikin jaka in gyara, a mayar a ce sannu da ƙoƙari Dogo. Na kashe wayar. Ya turo zukata jajaye har sun cika fuskar wayar, ban buɗe ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk da haka da na ga sunansa ya fito sai da gabana ya faɗi irin na masu so. Zuciya ba ta da kunya.

Jiya ban fita ba. Yau da safe na yi wanka, na sa baƙar doguwar rigata ta aiki wadda giris ya ɓata wa hannu, na yafa gyale, na ɗauki mukullin shago, don ni nake buɗewa kullum kafin Baba ya iso. Na yi niyyar in je in zauna a wurina, duk wanda zai tashe ni ya tashe ni a gaban mutane. Ina zuwa ƙofar falo na tarar da Mama a tsaye, hannunta da kumfar wanke-wanke. Ta goge a zaninta, ta miƙo tafi. Ta ce Baba ya ce in ba da mukullin, Dogo zai biyo ya karɓa, daga yau zai fara saba buɗewa.

A nan na fashe. Na ce mata ita ba za ta gane ba, ita da ba ta taɓa sanin wani abu nata na kanta ba sai kicin da shanya, shi ya sa take ganin labule ya ishi mutum rayuwa. Na san na yi rashin kunya, na kuma jira mari.

Ba ta mare ni ba. Ta dube ni da wani irin ido da ban san ta da shi ba, ta kawo lambar fanbel ɗin wata tsohuwar mota da aka daina shigo da ita tun ina goye, ta faɗe ta tiryan-tiryan, ta bi da lambar filtarta, da lungun da ake ajiye su a sito. Na san shagon asalinsa na kakana ne, mahaifinta, kowa ya san wannan. Na san Baba a wurinsa ya yi aiki. Abin da ba wanda ya taɓa faɗa mini shi ne wanda ke zaune bayan kanta lokacin da Baba ya zo.

Ta ce, "Wa kike tsammani ya koya wa babanki lambobin nan da yake lumshe ido yana tunowa? Bai san fulogi da ƙusa ba ya zo. Ni na zaunar da shi."

Na ce, "Mama, kuma kika yarda?"

Ta ce, "Wa ya tambaye ni?"

A waje aka yi hon, irin na Dogo, gajere sau biyu. Mama ba ta waiwaya ba. Hannunta na nan a buɗe a gabana, ni kuma na damƙe mukullin har haƙoransa sun shige mini tafi.

Ta rage murya ta ce, "Ni dai an aiko ni in karɓa. Ban ce ki bayar ba."